Soja a Takarda da Soja a Bakin Gida: Awon Shaidun Mai Neman Tarihin Kakansa

1. Gabatarwa

A gidaje da yawa na ƙasar Hausa, da na zangunan Gana da Kamaru, akwai wani tsohon akwatin ƙarfe da a ke ajiyewa ƙarƙashin gadon tsohuwa. In an buɗe a kan tarar da lambar tagulla ɗaya ko biyu, da wata takarda wadda gara ta ci gefenta, wani lokaci kuma da hoton saurayi sanye da jar dara da gajeren wandon kaki. In yaro ya yi tambaya sai a ce masa, “Kakanka ne, ya yi yaƙin Bama,” ko kuwa, “Ya yi yaƙin Jamus.” Galibi iyakar labarin ke nan. Yanzu da mazan jiyan nan suka ƙare sai ɗaiɗai, jikokinsu kuwa suka yi karatu, sha'awar bin sawunsu ta taso, kuma malamai a kan kawo wa tambayar.

Maƙasudin wannan takarda shi ne a auna shaidu uku waɗanda mai irin wannan nema ya ke dogara da su: rubutun hafsoshi da takardun bariki, labarin bakin gida da waƙa, sa'an nan littafin da ɗan soja ya rubuta a kan zamanin ubansa. Abin da za a nuna shi ne, kowace daga cikin shaidun nan an tsara ta ne domin biyan wata bukata wadda ba ta mai neman ba ce. Saboda haka wanda ya naɗa ɗayarsu alƙali a kan sauran, lalle zai komo da rabin mutum. Har wa yau za a nuna cewa aikin yana da hatsari, gama abin da gida ya binne da gangan shi ne sau da yawa takarda ta ke tonowa.

2. Wane ne “sojan Hausa”?

Kafin a shiga awo wajibi ne a warware wani ruɗani da ya ke kā da masu nema tun a taki na fari. Kalmar “Hausa” a bakin hafsoshin Ingilishi na ƙarni na 19 ba ta nufin abin da ta ke nufi a Kano ko Katsina.

Cikin 1863 wani hafsan jiragen ruwa, John Glover, ya kafa wata 'yar runduna a Ikko, wadda a ke kira da sunansa haɗe da na Hausawa. Bisa ga tarihin da rundunar sojan Nijeriya ta ke bayarwa, da mutum 18 aka fara. Yawancin mutanen Glover bayi ne 'yan Arewa waɗanda aka sayar ƙasar Yarbawa, suka gudu daga iyayen gijinsu suka sami mafaka cikin kaki. Ya tafi da irinsu yaƙin Asante cikin 1873 da 1874, daga cikinsu kuma aka sami tushen rundunar da aka kafa a ƙasar da a ke kira Gana yau cikin 1879. Kamfanin Neja ya kafa tasa cikin 1886. Cikin 1897 aka ɗora wa Lugard aikin tada Rundunar Tsaron Iyaka ta Afirka ta Yamma, wadda ta haɗiye sauran cikin 1900, ta rayu har 1960.

A duk tsawon wannan zamani, har wajen Yaƙin Duniya na Biyu, Hausa ce harshen bariki a Nijeriya da Gana, da ita a ke horar da kurtu, hafsa Bature kuma ba ya rasa cin jarrabawarta. Sai ya zama duk wanda ya fito daga Arewa, ko ya musulunta a bariki, ko kuwa ya iya Hausar fareti, “Hausa” ne a littafi. Misalai biyu sun isa. Sojan da a ke cewa shi ya fara harba bindiga a madadin Ingila cikin Yaƙin Duniya na Fari, a Togo, cikin watan Agusta 1914, sunansa Alhaji Grunshi, sunan nan na biyu kuwa sunan ƙabila ne na arewacin Gana. Samanja Chari Maigumeri, wanda barikin Lakwaja ya ke ɗauke da sunansa, mutumin Barno ne. Ya fara soja a hannun Jamusawa a Kamaru, aka kama shi a Garwa cikin 1915, ya shiga rundunar Ingilishi cikin 1917, ya yi Habasha ya yi Bama, bai ajiye kaki ba sai 1953. Ga mutum guda ya bauta wa sarakunan Turawa biyu masu gāba da juna, ba Bahaushe ba ne, amma a tarihin rundunar da a ke kira ta Hausawa ba wanda ya fi shi suna.

Darasin da ke ciki shi ne, gidan da ya ke Bahaushe yau don kakansa “sojan Hausa” ne, mai yiwuwa a bariki ya zama Bahaushe. Wannan ba aibu ba ne, gama haka Hausa ta ke yaɗuwa tun dā, ta kasuwa da zango da makaranta. Amma mai nema ya sani tun da wuri, don kada ya tafi Kano neman asalin da ya ke a Dakarkari ko Zabarma.

3. Shaida ta fari: littafin hafsoshi da takardar bariki

Littafin da kowa ya ke fara buɗewa shi ne tarihin rundunar wanda Kanar Haywood da Birgediya Clarke suka wallafa da Turanci cikin 1964. Dukansu biyu tsofaffin hafsoshinta ne, kuma amfaninsa ba ya musuntuwa. A nan za a ga ranaku da wurare bi da bi: cin Kano da Sakkwato cikin 1903, yaƙin Kamaru daga 1914 zuwa faɗuwar Mora cikin 1916, tafiya Afirka ta Gabas, Habasha cikin 1941, har zuwa dazukan Bama. Wanda ya san bataliyar kakansa, littafin zai gaya masa inda ƙafar tsohon ta taka cikin wata kaza na shekara kaza. Bakin gida ba ya iya wannan.

Aibinsa kuwa yana cikin niyyar da aka rubuta shi. Hafsoshi ne suka rubuta domin 'yan'uwansu hafsoshi, a lokacin da rundunar ta riga ta watse, don kada a manta da aikinsu. In laftana Bature ya faɗi a kan faɗi sunansa. In sojan ƙasa sun faɗi a kan faɗi adadinsu, sai fa wanda ya ci lambar jaruntaka. Yabon da a ke yi musu yabo ne na jimla, na biyayya da juriya da fara'a, irin wanda mahayi ya ke yi wa dokinsa. Ba a tambayi abin da ya fitar da mutumin daga garinsu ba, ba a bi shi gida bayan sallama ba. Mai karatu ya lura da girman giɓin: Nijeriya kaɗai ta ba da soja fiye da 120,000 cikin Yaƙin Duniya na Biyu.

In aka bar littafi aka koma kan rajista, sai a haɗu da matsalar suna. Kurtu ya tsaya gaban akawu, a tambaye shi sunansa da garinsu, a haɗa biyun su zama sunansa na soja, irin su Musa Bauci ko Garba Zariya. A Gana sunan ƙabila a ka fi liƙawa, irin su Moshi da Dagarti da Fulani. Akwai ramuka huɗu a nan. Na fari, garin da aka rubuta ya kan zama inda aka ɗauke shi ne, ko babban garin da ya san Bature zai gane, ƙauyensu kuwa ya ɓace. Na biyu, sunan uba, wanda da shi gida ya ke lissafin zuriya, ba ya shiga. Na uku, rubutun akawu: Muhammadu guda ya kan fito Momadu a wata takarda, Mama a wata, Momo a ta uku. Na huɗu, wanda ya gudo daga ubangijinsa, ko daga bashi, ko ya taɓa gudu daga soja ya ke so ya sake shiga, ba zai ba da sunansa na gaskiya ba. Shekarun haihuwa ma likita ne ya ke kintata da ido. Saboda haka a bataliya guda a kan sami masu suna ɗaya da yawa, kuma babu kuskuren da ya fi yawa ga masu nema kamar su tsinci wani Audu Kano cikin jerin masu lambar yabo su ce nasu ne.

Abin da ba ya ruɗi shi ne lambar soja. A Yaƙi na Biyu ta 'yan Nijeriya tana farawa da haruffan NA, ta 'yan Gana da GC. Tana kan takardar sallama da ta fansho. Wanda ya rasa takarda ya duba gefen lambar girma: lambobin yaƙe-yaƙen Afirka na farkon ƙarni na 20, da na Yaƙi na Fari, an buga musu suna da lamba da runduna a jiki, waɗansu ma suna da ɗan ƙarfe a sama mai faɗin yaƙin da shekararsa. Amma taurarin Yaƙi na Biyu, har da na Bama, Ingila ta raba su ba suna. Tauraron Bama a cikin akwati yana nuna cewa wani ya je Bama. Ba ya faɗin ko wane ne.

Da lamba a hannu a ke tunkarar ma'ajiyar takardu. A ta Kew, a London, akwai jerin waɗanda aka ba lambobin girma, da littattafan da kowace bataliya ta ke rubuta aikinta na yau da kullum a fagen fama, da takardun da hafsoshi suka rubuta suna roƙon a yi wa wane lambar jaruntaka. Waɗannan na ƙarshe su ne wurin da sojan ƙasa ya ke fitowa shi kaɗai da sunansa da aikinsa. A ta Kaduna akwai rahoton Razdan da Di'o a kan ɗiban soja da sha'anin tsofaffin soja, lardi lardi. Takardun aikin kowane soja ɗai ɗai kuwa an bar su ne a ƙasashen, da yawa kuma sun salwanta.

Wanda kakansa bai komo ba sai ya nemi hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi na ƙasashen Kwamanwel. A maƙabartar Taukkyan, arewa da birnin Yangon, akwai ginshiƙai masu ɗauke da sunayen mutum kusan 27,000 waɗanda ba a san kabarinsu ba, da 'yan Afirka ta Yamma a ciki. Amma ita hukumar da kanta ta amsa, cikin wani rahoto na 2021, cewa a Yaƙi na Fari aƙalla mutum 116,000, mai yiwuwa har 350,000, yawancinsu 'yan Afirka da Masar, ba a rubuta sunansu ko'ina ba. 'Yan dako, masu ɗaukar harsashi da abinci a ka, su abin ya fi shafa. Rashin suna a dutse, ke nan, ba hujja ba ce ta ƙaryata tsohuwar da ta ce wanta ya tafi bai komo ba.

4. Shaida ta biyu: bakin gida da waƙa

Abin da takarda ta zubar, bakin gida ya kan tsince. A nan a ke jin sunan uwarsa da ƙauyensu, da dalilin fitarsa: ko haraji ya kore shi, ko an hana shi yarinyar da ya ke so, ko kuwa dagaci ne ya miƙa shi don cika adadin da aka yanka wa ƙasarsa. A nan a ke jin abin da ya komo da shi, ko keken ɗinki ko sana'ar tuƙi, da halin da ya komo da shi, ko ya kan firgita cikin barci, ko ba ya son a tsaya a bayansa. Tsofaffin mata su suka fi riƙe irin wannan, musamman waɗanda suka zauna bariki ƙarƙashin magajiya, gama su suka ga mutumin bayan ya tuɓe kaki. Mai neman da ya tsaya a zaure bai shiga cikin gida ba ya yi asarar rabin shaidarsa.

Amma shi ma baki yana da bukatarsa, watau tsare mutuncin gida, kuma kurakuransa suna da tsari wanda mai nazari zai iya ganewa. Yana haɗe yaƙe-yaƙe: “yaƙin Jamus” biyu ne, tsakaninsu shekara 21, amma a bakin jika sun zama ɗaya. Bama ta haɗiye sauran fagage, har wanda ya yi aikinsa a Habasha ko Masar, ko wanda bai wuce gadin Ikko ba, a kan ce ya yi Bama. Muƙami yana hawa da kowace tsara: farabiti a bakin ɗansa kofur ne, a bakin jikansa samanja. Ɗan dako ya kan zama mai bindiga, alhali kuwa a Runduna ta 81 dubban sojan da ba su riƙe bindiga ba, masu ɗaukar kaya a ka cikin duwatsun da mota ba ta shiga, su ne suka sa tafiyar ta yiwu. Har ma a kan gauraya aikin soja da “ɗiban gwamna”, watau tilasta wa talakawa haƙar kuza a Jos daga 1942 zuwa 1944.

Maganin wannan shi ne a bar tambayar “me ya yi?” a nemi ƙananan abubuwan da mai ba da labari ba shi da ribar ƙara musu gishiri, musamman sunayen wurare, ko da baki ya tauna su. In an ambaci Magadishu da Harar, zancen birged ɗin Nijeriya a ke yi wanda ya ratsa daga Somaliya zuwa Habasha cikin 1941. In an ambaci kogin Kaladan, Runduna ta 81 ke nan, wadda ta isa Indiya cikin 1943. In Tamandu ne ko Dalet, ta 82 ce, cikin 1945. In an ce a jirgin sama aka sauke su bayan abokan gāba, ƙarƙashin Janar Wingate, to, bincike ya taƙaita ga bataliya uku na Nijeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, cikin 1944. Sunayen nan ba baƙi ba ne a kunnen mutanen Arewa, gama barikin Dalet da na Kalapanzin suna Kaduna, na Chindit yana Zariya. Kalma ɗaya daga bakin tsohuwa tana iya buɗe shafin da ya dace a littafin hafsoshi. Nan ne shaidun biyu su ke zama abokan aiki.

Game da waƙa, wadda aka fi sani ita ce ta Malam Sa'adu Zungur, “Maraba da Soja”, wadda ya yi wa masu komowa bayan Yaƙi na Biyu. Darajarta ga tarihin tunani babba ce, domin ta ɗauki komowar soja ta mai da ita matakalar zancen 'yanci. Amma mai neman kakansa ya san iyakarta. Sojan da ke cikinta jama'a ne, alama ce ta abin da ƙasa ta biya da abin da ta ke bi bashi. Tana nuna yadda masu ilmin zamanin suka so a dubi soja. Yadda unguwarsu ta dube shi da ya sauka daga jirgin ƙasa wani zance ne dabam, kuma kalmar “ɗan bariki”, wadda har yau ba yabo ba ce, ta ishi mai hankali ishara.

5. Shaida ta uku: littafin ɗa

Cikin 2007 Biyi Bandele, wanda aka haifa a Kafancan cikin 1967 ya rasu cikin 2022, ya fitar da ƙagaggen labari da Turanci mai suna Burma Boy. Mahaifinsa ya yi Bama, da labaran yaƙin kuma aka rene shi. Littafin ya cancanci nazari a nan domin shi ne misali mafi shahara na abin da ɗa zai iya yi da gādon akwatin ƙarfe.

Tauraron labarin wani yaro ne, Ali Banana, wanda ya ƙara wa kansa shekaru don a ɗauke shi, ya faɗa cikin sojan Wingate. Nasarar marubucin ta fari tana wajen harshe. Ya bar kalmomin bariki yadda su ke a bakin masu su, samanja da kyaftin da farabiti, ya sa sojan suna zance da ba'a da gardama a tsakaninsu, har mai karatu ya ji cewa mutanen da littafin hafsoshi ya ƙidaya suna da baki. Ta biyu ita ce ya shigo da abin da shaidun biyu na fari suka haɗu a kan ɓoyewa, watau tsoro da taɓuwar hankali. Hafsa ba ya rubuta wannan don kada ya ɓata sunan runduna, gida ba ya faɗa don kunya.

Duk da haka akwai abin dubawa. Littafin ya buɗe ne da Wingate a Alƙahira, kamar dai labarin yaron ba ya tsayuwa sai an jingina shi da Bature mai suna. Wautar Ali Banana kuma, wadda ita ce gishirin farkon labarin, ta yi kusa ƙwarai da hoton nan na soja mai halin yara wanda hafsoshi suka daɗe suna zanawa. Sai a ƙarshe, da dajin ya canja shi, marubucin ya kuɓuta daga tarkon. Abu na uku, wanda ya fi shafar wannan takarda: iyayen Bandele Yarbawa ne, tauraronsa kuwa yaro ne mai Hausa. Watau bai rubuta tarihin ubansa ba, ya ƙaga wani ne ya aza masa nauyin. A wajen mai ƙagaggen labari wannan gaskiya ce, gama ya faɗi abin da ya ke yi. Hatsarin yana kan mai koyi, wanda zai cike giɓin tarihin gidansu da ƙage ya kira shi bincike.

Ya kyautu a gwada shi da Isaac Fadoyebo, Bayarabe daga wajen Owo, wanda aka harba a bakin Kaladan cikin 1944, wani manomi Musulmi na ƙasar ya ɓoye shi da abokinsa watanni tara. Shi da hannunsa ya rubuta labarinsa, aka buga cikin 1999, da wannan rubutu ne kuma ɗan jarida Barnaby Phillips ya bi sawu har ya gano iyalin manomin cikin 2011. Abin da ya sa bin sawun ya yiwu shi ne sojan ya bar sunayen mutane da na wurare. Irin wannan shaida ta yi ƙaranci ƙwarai a ɓangaren sojan Arewa, waɗanda galibinsu ba su yi boko ba. Saboda haka duk wata wasiƙar ajami da aka tsinta cikin akwati, ko da gaisuwa ce kurum da saƙon kuɗi, a riƙe ta da hannu biyu.

6. Abin da a ke tsoron tonowa

Mai nema ya kan fita da fatan ya komo da jarumi. Abubuwa uku su kan tare shi a hanya.

Na fari, bauta. An riga an faɗi asalin mutanen Glover, kuma har farkon ƙarni na 20 bariki mafakar bayi ce. Dokar Lugard ta 'yanta waɗanda aka haifa daga Afrilu 1901 ne, ba a kashe bauta ɗungum a Arewa ba sai 1936. Gidan da lissafin kakanninsa ya tsaya cak a kan soja, ba a san ubansa ba, ba a san ƙauyensu ba, mai yiwuwa da gangan aka datse shi. A ƙasar da har yanzu a ke binciken asali kafin a ba da aure, wannan ba zancen takarda ba ne kurum.

Na biyu, wanda aka harba. Rundunar da ta fasa ganuwar Kano ran 3 ga Fabrairu 1903 sojan ƙasa ne fiye da 700, Turawan cikinta ba su kai 50 ba. Irinsu ne suka shiga Sakkwato cikin Maris, suka yi Burmi cikin Yuli inda Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi, suka shafe Satiru cikin 1906. Lambar da jika ya ke gogewa yana alfahari, in ya karanta ɗan ƙarfen da ke samanta, mai yiwuwa ta ɗayan waɗannan ce. Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, haka kuwa jama'a suka yi da soja. Mai nazari ba aikinsa ba ne ya wanke kakan ko ya la'ance shi. Aikinsa ya tambayi abin da bawan da ya gudo ya ke bin daular da ta sayar da shi, ya kuma faɗi abin da aka yi wa mutanen Satiru ba tare da ragi ba.

Na uku, ƙarshen mutumin: gudu daga soja, ko bulala, ko sallama ba fansho, ko yawo a kasuwa ana ce masa mahaukacin Bama. Ƙorafin tsofaffin soja ba ƙage ba ne; a kansa ne aka harbe uku daga cikinsu a Ankara, babban birnin Gana, ran 28 ga Fabrairu 1948, sa'ad da suka nufi fadar Gwamna da takardar kuka.

Amma tonon yana da wata fuska. Cikin Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar Gana, mutanen zango da yawa kuma suka tashi, har da waɗanda ba su san wata ƙasa ba. A Nijeriya ma, inda a ke tambayar takardar asali wajen neman makaranta da aiki, zuriyar bariki su kan rasa ta cewa, gama garin da ke liƙe da sunansu ba ya saninsu, garin da aka haife su kuma yana kiransu baƙi. Ga irin waɗannan, takardar da ta nuna cewa kakansu ya zauna wuri kaza tun shekara kaza hujja ce ta zama ɗan ƙasa.

7. Kammalawa

Daga abin da ya gabata, malamin da ɗalibi ya kawo wa irin wannan aiki yana iya ɗora shi a kan hanya kamar haka. Ya fara da tsofaffi, mata kafin maza, domin takarda tana jira, su kuwa ba su jira. Ya rubuta maganarsu yadda ta fito, da sunan wuri yadda aka tauna shi, kada ya gyara ta don ta dace da littafi. Sa'an nan ya nemi lamba, kada ya yarda da suna shi kaɗai. In baki da takarda sun saɓa, ya ajiye su duka biyu gefe da gefe, ya tambayi ribar da kowannensu ya ke da ita cikin abin da ya faɗa, gama saɓanin kansa labari ne. Inda shaida ta ƙare ya ce ta ƙare. In kuwa ya tono abin da zai taɓa mutuncin masu rai, ya koma wurin dattawan gidan kafin ya kai wa maɗaba'a, domin kakan ba nasa ba ne shi kaɗai.

Wanda ya bi wannan hanya ba lalle ne ya komo da samanja mai lambobi a ƙirji ba. Mai yiwuwa ya komo da wani yaro wanda ya bar ƙauye da suna guda, akawu ya ba shi na biyu, unguwa ta laƙaba masa na uku, ya ɗauki akwatin harsashi a ka daga kogi zuwa kogi, ya komo ya kama ɗinki a bakin kasuwa bai ƙara ta da zancen ba. Haɗa sunayen nan uku a kan mutum guda shi ne aikin, kuma ya isa a kira shi tarihi.